Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya: Me Rano da Kibiya Za Su Ɗora a Kai?

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta cika kunnuwan samari da matan aure a ƙasar Rano da Kibiya, tun daga Rurum har Tarai, kamar maganar neman kuɗi ta waya, watau saurayi ya zauna a shagonsa, ko mace ta zauna a tsakar gidan mijinta, a ɗauki hoton haja a ɗora a WhatsApp ko Facebook ko TikTok, mai bukata ya gani daga Kano ko Abuja ko Legas, ya turo kuɗi, a kai kaya tasha, ciniki ya faɗa alhali mai saye da mai sayarwa ba su taɓa haɗa ido ba. Jama'a sun kasu biyu a kan al'amarin. Waɗansu dattawa suna ganinsa ƙofar fitina da zaman banza, waɗansu matasa kuwa suna zaton ƙofar arziki ce wadda ba ta bukatar jari ko gumi. Ni a nawa ra'ayin sana'a ce ta halal mai falala, wadda ta dace da zamanmu fiye da yadda masu sukarta suke tsammani, amma fa ba za ta amfani waɗannan garuruwa biyu ba sai an cika sharuɗɗan da magabata suka gindaya wa kowane irin ciniki, kuma sai abin da ake tallatawa ya zama daga gonakinmu da hannayenmu ya fito.

Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan ba zai ɗauki ciniki daga cikin gida baƙon abu ba. Masu ba da labarin Hausa Bakwai, sa'ad da suka zo rarraba ayyuka tsakanin zuriyar Bawo, suka ba Katsina da Daura kasuwa, suka ba Gobir yaƙi, sai suka kira Kano da Rano Sarakunan Baba, saboda auduga da saƙa da rini. Har yau kuma Autan Bawo ake yi wa Sarkin Rano kirari. To, zaren da masaƙa suka saƙa, marina suka tsoma a karofi, mabuga suka buga har ya yi ƙyalli, wa ya kaɗa shi? Iyayenmu mata ne, a cikin ɗakunansu, bayan sun gurje auduga sun shiɓe ta, suka ɗauki mazari suka fitar da abawa da arafiya. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, da ya sauka Kano a 1851 ya ga tufafin ƙasar Kano suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus, abin da ya fi ƙayatar da shi shi ne, wannan babbar sana'a ba a manyan masana'antu irin na Turai ake yin ta ba, a gidaje ake yi, iyali suna samun abinci daga gare ta ba tare da ta raba su da zaman gidansu ba. Ashe matar da ba ta taɓa wuce ƙofar garinsu ba, zarenta ya ƙetare Sahara.

Da tufafin Turawa suka karya kasuwar kaɗi, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911 ya buɗe wa gyaɗa hanya, sai hannun mata ya koma ga matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, ga daddawa da fura da ƙosai da awon hatsi a bayan katanga. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin tattalin arzikin manoma, ta rubuta maƙala a 1969 a kan wannan ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, inda ta nuna cewa abin da ake saye da sayarwa a cikin gidaje kasuwa ce mai zaman kanta, ko da yake ba ta da rumfa ko ranar ci. Sai dai wannan kasuwa, duk da albarkarta, a kan wuyan 'yan mata ƙanana ta tsaya. Uwa tana kulle, haja tana bukatar mai kai ta ga masu saye, sai a ɗora wa yarinya faranti tun da hantsi, ta bi tasha da bakin kasuwa da majalisar samari, ta dawo bayan la'asar, wani lokaci bayan isha'i, ƙawayenta sun tashi daga makarantar boko da ta Islamiyya ita ba ta leƙa ko ɗaya ba. Malamai sun yi wa'azi a kan talla, hukuma ta yi gargaɗi, amma abin ya ƙi ƙarewa, domin ba a taɓa ba uwa wata hanyar da hajarta za ta fita ba, alhali ga kayan ɗakin 'yar nan suna jiran a tara kuɗinsu.

A nan nake ganin babbar maslahar wannan sabon al'amari, wadda ta fi duk ribar da ake lissafawa. Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001 a matsayin kayan alfahari na masu hali, yau ita ce farantin tallan da ba ya bukatar kan yarinya. Mace ta soya cincin ko dubulan, ta ɗauki hoto ta sa a sitatus, matan unguwa da dangi na nesa su gani, a yi ciniki da saƙon murya ko da ba ta iya rubutun boko ba. Abin da ya ƙara wa lamarin ƙarfi kuwa shi ne wahalar da aka sha a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a, har mai kayan miya da mai shayi, waɗanda da can ba su yarda da kowane kuɗi ba sai wanda suka ƙirga da yatsunsu, suka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint bisa lalura. Wahalar ta wuce, al'adar tiransifa ta zauna, ga masu POS a kowane lungu. Saboda haka duk uwar da waya ta ɗauke mata bukatar talla, sa'an nan ta ci gaba da hana 'yarta karatu, ko ta mayar da ita mai jigilar kaya zuwa tasha a lokacin makaranta, ba ta da sauran uzuri a gaban Allah ko a gaban jama'a.

Amma idan mai karatu ya duba abin da galibin 'yan'uwanmu suke ɗorawa, zai ga abin da yake damuna. Atamfa ce da leshi da shadda daga Kantin Kwari, takalma da jakunkuna da kayan kicin daga Sabon Gari, turaren wuta da humra irin na Barno, kuma sau da yawa hoton ma ba ita ta ɗauka ba, wata dila ce a birni ta turo wa mata da yawa a lokaci guda, kowacce ta ƙara ɗan abin da ta ƙara ta tallata wa maƙwabtanta. Ba na ƙyamar wannan, domin wadda ta sami na sabulu ta hanyar halal ta fi wadda ta zauna jiran a ba ta. Sai dai a lura da inda kuɗin yake tafiya: daga aljihun mutumin Kibiya yake fita ya nufi birni, daga birni ya nufi Sin, abin da ya rage a gari bai wuce ɗan la'adar da data da caji suke cinye rabinta ba. Ƙananan hukumomin nan biyu, waɗanda a ƙidayar 2006 kowacce ta haura mutum 130,000, ba su kamaci su zama 'yan kallo da 'yan saye kaɗai a wannan kasuwa ba.

Bayan haka akwai mas'alar shari'a, wadda na ga mutane da yawa sun yi mata riƙon sakainar kashi. An ruwaito cewa Sahabi Hakimu ɗan Hizamu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da yakan zo masa neman hajar da ba ya da ita, ya sayar masa, sa'an nan ya tafi kasuwa ya sayo ya ba shi, sai aka hana shi. Wannan kuwa ita ce ainihin surar cinikin da yawancin masu tallata hoto suke yi: a karɓi kuɗin mutum a kan turmin atamfar da yake shagon wani a Kwari, wanda la'alla ma an riga an sayar da shi tun jiya, in ba a samu ba a kawo mai kama da shi, rigima ta tashi, zumunci ya ɓaci. Mafita kuwa ba ta da wuya, fuƙaha'u sun daɗe da bayyana ta. Ko dai mace ta fito fili ta ce ita dillaliya ce, tana sayarwa a madadin mai kaya bisa la'ada sananniya, ko ta ce wa mai saye ita wakiliyarsa ce, za ta sayo masa bisa lada sananne, ko kuwa a ƙulla cinikin salam, wanda shari'a ta halatta a kan abin da aka siffanta, da ma'auni sananne da ajali sananne, a biya kuɗin tun farko. Dillanci tsohuwar sana'a ce mai mutunci a ƙasar Hausa, babu abin kunya a cikinta; abin kunya shi ne mutum ya nuna shi ne mai kaya alhali ba shi ba ne.

Wani abin da zai ba almajirin fiƙihu sha'awa shi ne, littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun tattauna cinikin abin da ba a gani ba tun fiye da shekara dubu. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya kawo a cikin Risala halaccin sayar da abin da ba ya wurin ciniki idan an siffanta shi, da halaccin sayen dilar tufafi a ɗaure bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, kamar yadda Imamu Malik ya riga ya zo da shi a Muwaɗɗa. Hikimar ita ce, siffa tana tsayawa a matsayin gani, matuƙar ta gaskiya ce. Idan kaya suka zo daidai da siffa ciniki ya lazimci mai saye, idan suka saɓa yana da haƙƙin mayarwa. To, hoto a zamaninmu shi ne siffa. Wanda ya ƙara wa hoto haske har koɗaɗɗen yadi ya zama kamar sabo, ko ya nuna babbar roba ya aika da ƙarama, ko ya ɓoye aibin da ya sani, hukuncinsa ɗaya da mai hatsin nan da Annabi ya sa hannu a tarin abincinsa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya kuwa yi tir da aikinsa. Haka wanda yake sa ƙawaye su rubuto yabon kayan da ba su taɓa saye ba don a ruɗi baƙo, aikinsa ɗan'uwan najashu ne, watau tayin ƙarya da ake yi a kasuwa don a ɗaga farashi. Har ma maganar kayan da suka salwanta a hanya ba a bar ta ba: mashhurin mazhaba shi ne, hajar da aka sayar ba ta wurin tana cikin lamunin mai sayarwa har ta shiga hannun mai saye, sai fa in an yi sharaɗin akasin haka. Da masu ciniki sun san wannan, da an rage husumar da ake yi duk sa'ad da ƙunshi ya ɓace tsakanin tasha da tasha.

Me ya kamata mu sayar? Abin da Allah ya hore mana. Ƙasar nan ƙasar gyaɗa ce da dawa da masara da wake, ga ɗorawa da kuka da tsamiya a gonaki, ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta mayar da maƙwabtanmu na Bunkure da Kura da Garun Malam gidan shinkafa da tumatir da albasa rani da damina. Masu saye kuma ba sai an je neman baƙi ba: 'ya'yanmu ne da suke aiki ko fatauci a Abuja da Legas da Fatakwal, da ɗalibai a makarantun kwana da jami'o'i, da amaren da aka kai birni, waɗanda suke marmarin man gyaɗa na gaske wanda ba a gauraya ba, da ƙuli-ƙuli mai yaji, da daddawar kalwa, da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, da yajin da aka daka a turmi, da busasshen tumatir mai tsabta, da dambun nama, da hula ɗinkin hannu. Irin waɗannan kaya ba sa lalacewa a kwana biyu, ba su da nauyin da kuɗin mota zai cinye ribarsu, kuma babu wata dila a birni da za ta fi matar Rano iya su. Ribar sarrafa gyaɗa zuwa mai da ƙuli ta fi ribar sayar da ita tsaba ga 'yan sari da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa. Wannan kowace tsohuwa ta sani, abin da ta rasa a da shi ne hanyar isa ga mai saye na nesa.

A ƙasar Sin an ga irin wannan. Akwai wani ƙauye mai suna Dongfeng a lardin Jiangsu, wanda mutanensa suke sana'ar tattara tsofaffin robobi, sai waɗansu samari suka fara ƙera kujeru da kantoci masu sauƙin haɗawa wajen 2006 suna sayarwa a kasuwar intanet ta Taobao, maƙwabta suka gani suka koya, har garin ya zama na kafintoci da masu jigila. Ƙauyukan da suka shahara da irin wannan ciniki a can 3 ne a 2009, amma kafin ƙarshen 2020 sun haura 5,000. Abin lura a labarin shi ne, mutanen sun sayar da abin da suka ƙera da hannunsu, sun koya wa juna ba tare da hassada ba, kuma sun sami hanya da wuta da masu kai kaya amintattu.

Wannan na ƙarshe shi ne inda tamu matsalar take. Ƙunshin da ya tashi daga Kibiya sai ya biyo ta Rano da Bunkure da Karfi kafin ya shiga birni, a can kuma a sauya masa mota zuwa inda za shi, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa kuɗin mota ya ninka, ga wuta ba ta tsayawa, ga sabis yana ɗaukewa a ƙauyuka da yawa. Saboda haka wajibi ne mai sana'a ta riƙe littafi, ko da na 'yan makaranta ne, ta rubuta kuɗin gyaɗa da na niƙa da itace da leda da roba, da na data da caji, da ladan yaron da ya kai tasha, da na mai POS, har da naira 50 ɗin nan da ake cira a kan turin kuɗin da ya kai naira 10,000, sa'an nan ta san ko riba take ci ko uwar kuɗi. Kada kuma ta saki kaya don an turo mata hoton rasit, sai ta buɗe asusunta ta ga kuɗi sun zauna, domin alat na bogi ya durƙusar da jarin mutane da yawa. Lambar sirrinta kuwa kada ta faɗa wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake. Maƙwabta huɗu ko biyar za su iya haɗa kayansu a kwali guda su raba kuɗin mota, kamar yadda suke haɗa adashi. Wadda sana'arta ta bunƙasa har ta fara rufe kaya a roba da suna, ta nemi rajistar CAC da lambar NAFDAC. Masu haɗa magunguna da kayan mata suna tallatawa ba tare da sanin abin da suke zubawa a cikin mutane ba kuwa, su ji tsoron Allah, rai ba haja ba ne.

Lalle ne kuma a rarrabe tsakanin ciniki da abin da ake sa wa rigar ciniki. Duk wanda ya ce ka zuba kuɗi ka kwanta su haihu, ko ka biya kuɗin rajista ka jawo mutum uku, ko ka riƙa danna waya ana biyanka, babu haja babu aiki, to damfara ce ko caca. An ga yadda MMM ta rufe da dukiyar jama'a a watan Disamba na 2016, an sake gani a CBEX a watan Afrilu na 2025, kuma a kowane karo talakan da ya sayar da akuya ko ya ɗebi kuɗin adashi shi ne ya fi kuka.

Ga 'yan'uwana magidanta ina da magana biyu. Ta farko, damuwarku game da hirar iyali da baƙin maza damuwa ce mai tushe, ba a raina ta. Maganinta shi ne a yi sana'ar da sanin maigida, a nuna haja ba fuska ba, a tsaya ga maganar ciniki, in ya so ƙane ko ɗa babba ya riƙa kai kaya tasha. Hana sana'ar ɗungurungum, a wannan zamani na tsadar abinci, mayar da faranti ne kan yarinya. Ta biyu, dukiyar mace a shari'a tata ce. Mijin da yake ara daga jarin matarsa da sunan cefane ba ya biya, har sana'ar ta mutu, ya ci amana, kuma ciyarwar da Allah ya ɗora masa ba ta faɗi daga kansa don matarsa tana samu ba.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Rano da Kibiya suna iya yin wani abu tun gobe ba tare da jiran gwamnati ba: su ajiye littafin saƙo, a rubuta sunan mai aikawa da na mai karɓa da lambar mota da ta direba, a ba da 'yar takardar shaida, a kuma tsayar da kuɗin aike gwargwadon girman kaya, don mace ta san abin da za ta faɗa wa mai saye tun kafin a ƙulla ciniki. Malamanmu kuwa nauyinsu ya fi na kowa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar yakan hana wanda bai fahimci hukuncin ciniki ba sayarwa a kasuwar Madina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littafi sukutum, Tanbihus Sahibi, a kan hukunce-hukuncen neman abinci. Makarantun Islamiyya na matan aure sun yawaita a garuruwanmu, alhamdu lillahi, amma galibi karatu yakan tsaya a tsarki da salla da azumi, ba a kai ga babin ciniki ba, alhali rabin ɗaliban 'yan kasuwa ne da waya a jaka. Ina roƙon a buɗe musu wannan babi a bana, da misalan da suke fuskanta kullum: halaccin karɓar kuɗi kafin kaya su isa Legas, tun da Risala ta taƙaita sharɗanta biya a cinikin abin da yake nesa, wanda asara take kansa idan galan ɗin mai ya fashe a mota, yawan la'adar da dillaliya za ta ƙara da wanda ya kamata ta sanar, da lokacin da zakka take wajaba a kan jarin da yake juyawa tsakanin asusu da buhun gyaɗa.